Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Kamfanonin Da Ke Tallafa Wa Ruwan Sha Da Wasannin Makarantu A Nijeriya

Zuwa ga shugabannin kamfanoni, da daraktocin gidauniyoyinsu, da jagororin ƙungiyar OPS-WASH ta 'yan kasuwa masu tallafa wa harkar ruwa da tsafta.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a Jihar Bauchi, kuma na shafe shekaru masu yawa ina tsaye a bakin fili da usur a wuyana, ina kallon yaran da alherinku yake isa gare su da kuma waɗanda yake wucewa ta gefensu. Na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne domin abin da ke raina ya shafi kamfanoni da yawa da makarantu da yawa, kuma domin mu da muke ƙarshen layin wannan kyauta ba kasafai ake tambayarmu yadda ta iso ba.

Yaba kyauta tukuici, don haka da godiya zan fara. Tun shekarar 1999 kamfanin Nestlé yake ɗaukar nauyin gasar ƙwallon kwando ta Milo tsakanin makarantun sakandare, ta maza da ta mata, kuma na san yaran da ba su taɓa fita daga ƙaramar hukumarsu ba sai da wannan gasa ta fitar da su. A 1998 aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta kofin Shell, ita ma ta 'yan sakandare. Makarantar horar da ƙwallo ta Pepsi, wadda Kashimawo Laloko ya kafa a Legas a 1992, ta cibiyarta ta Jos ne Mikel Obi ya bi kafin duniya ta san sunansa. A ɓangaren ruwa kuwa, gidauniyar Coca-Cola ta ƙaddamar da shirin RAIN a 2009 da alƙawarin dala miliyan 30, daga baya kuma ta sanar cewa shirin ya kai ga mutum miliyan 6 a faɗin Afirka. Bankin HSBC ya ware dala miliyan 100 a 2012 domin shirin ruwa na shekara 5 tare da WaterAid da WWF da Earthwatch, kuma Nijeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da WaterAid ta yi aiki da wannan kuɗi. Gidauniyar MTN ma ta haƙa rijiyoyin burtsatse a garuruwan da jama'a suka zaɓa da kansu. Duk wanda ya ce waɗannan ba komai ba ne bai taɓa ganin yarinya ta ajiye jarka ta shiga aji a kan lokaci ba.

Na kuma san cewa kamfani ba masallaci ba ne, yana da buƙatar a ga sunansa a jikin riga da jikin tanki, kuma ban ga laifin hakan ba matuƙar ruwa yana zuba kuma yara suna wasa. Kukana shi ne hannuwanku biyu, wanda ke ba da ƙwallo da wanda ke ba da ruwa, ba su san juna ba, kuma dukkansu sukan janye da zarar an tashi daga bikin buɗewa.

Bari in nuna muku wata ranar gasa kamar yadda na gan ta. Wani kamfani, wanda ba ya cikin waɗanda na ambata a sama kuma ba zan kama sunansa ba, ya ɗauki nauyin gasar makarantun yankinmu, aka zaɓi filinmu domin wasan kusa da na ƙarshe. Tun da sassafe motarsu ta iso da rumfuna da tutoci da lasifika, aka raba wa kowace ƙungiya sababbin riguna, aka ɗaura raga sabuwa fil a turakun da suka shekara suna tsaye tsirara. Watan Afrilu ne, kuma duk wanda ya san ƙasar Bauchi ya san irin ranar da ake yi a wannan wata. Makarantu huɗu suka hallara da 'yan wasansu da magoya bayansu. An tanadi ruwan roba mai sanyi domin manyan baƙi da ke ƙarƙashin rumfa, an ba kowace ƙungiya 'yan ƙullin ruwan leda waɗanda suka ƙare tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Daga aljihuna na kira ɗan garuwa ya kawo jarka huɗu, ban san daga inda ya ɗebo ba, kuma a wannan hali ban tsaya tambaya ba. Na tsaya ina kallon yara fiye da arba'in suna karɓar moɗa ɗaya daga hannu zuwa hannu, kowa yana tsoma ta cikin bokiti da hannun da ya gama dafa ƙasa.

Makewayin makarantar kuwa rami biyu ne, ɗaya ya rufta tun daminar da ta gabata, ɗayan kuma ba shi da ƙofa. Saboda haka duk wanda ya matsu a cikin wannan taro sai ya zagaya bayan katanga, wajen da ciyawa ta bushe, tazarar da ba ta kai tsawon rabin fili ba daga inda ake sayar da awara da ƙanƙara. Da yamma aka miƙa kofi, aka ɗauki hotuna, motar ta kwashe rumfunanta ta tafi. Washegari da safe ni da ɗalibai muka ɗauki shebur muka bi bayan katangar muna binnewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 'yan mata. Na taɓa haɗa ƙungiyar ƙwallon hannu ta mata wadda nake alfahari da ita, yara masu ƙwazo da suka fara tun suna aji ɗaya. Da suka kai aji uku sai na ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce ciwon kai, waccan ta ce an aike ta a gida. Na ɗauka iyaye ne suka hana, har na fara shirin zagayawa gidajensu, sai wata malama abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ba iyayensu ba ne. Yarinyar da ta fara al'ada a ina za ta canza ƙunzugu, da wane ruwa za ta wanke, a bayan wace ƙofa?" Na ji kunya ƙwarai da ban gano wannan da kaina ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji ana maganar ƙarfafa wa 'ya'ya mata gwiwa su shiga wasanni, abin da nake fara tambaya shi ne ko akwai banɗaki mai sakata daga ciki da buta da ruwa a kusa da filin.

Kada ku ɗauka makarantarmu ce kaɗai. Binciken WASHNORM na 2021, wanda Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna cewa kashi 11 cikin 100 ne kawai na makarantun ƙasar nan suke da ruwa da makewayi da wurin wanke hannu a haɗe, kuma mutum miliyan 48 suna bahaya a fili. A shekarar 2021 ɗin ce kwalara ta yi mana ɓarnar da ba mu manta ba. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi kowa yawan masu cutar. Rukunin da ta fi kamawa shi ne yara 'yan shekara 5 zuwa 14, wato ƙannen 'yan wasana da 'yan ajin farko na makarantarmu. Hanyar da cutar ke bi ba ɓoyayya ba ce: kashin da aka bari a fili ruwan sama yake kwashewa ya zuba a rijiya da rafi, ƙuda ya ɗauka ya sauka a kan abinci, hannun da ba a wanke ba ya kai shi baki. Idan kamfani ya tara yara ɗaruruwa a fili ɗaya cikin zafi ba tare da ruwa mai tsafta da makewayi ba, to ya share wa wannan hanya ne ba da saninsa ba.

Yanzu in juya ga ɗaya hannun. A bakin ƙofar makarantarmu akwai famfon tuƙa-tuƙa da wata gidauniya ta kamfani ta haƙa mana, ita ma ba zan ambace ta ba, domin da niyyar alheri ta zo. Na halarci bikin buɗe shi, hakimi ya tuƙa da hannunsa, ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. Ya yi mana aiki shekara ɗaya da 'yan watanni, unguwa gaba ɗaya tana sha, daga asuba har bayan isha'i hannunsa ba ya hutawa. Daga nan sai ya fara nauyi, sai ka tuƙa sau ashirin kafin ruwa ya leƙo, sai wata rana ya ƙi gaba ɗaya. Da ƙyar muka samo makanike daga wani gari, ya zaro sandunan ɗaya bayan ɗaya ya shimfiɗa su a ƙasa, ya nuna mini wata 'yar roba da ta cinye a can ƙasan silinda, wadda faɗinta bai wuce tafin hannun yaro ba. Ya ce kuɗinta bai kai na buhun siminti ba, amma sai an je birni, kuma bututu biyu sun yi tsatsa sun huje, su ma sai an sauya. Muka kira lambar da ke jikin allon, ba ta shiga. Muka rubuta takarda, aka ce shirin ya ƙare kuma an rufe asusunsa. Ɗan kwangilar da ya haƙa ya ce wa'adinsa ya wuce. Ruwa yana nan a ƙasa, rijiya ta bayar guga ya hana. Har yau allon marmara mai ɗauke da sunan gidauniyar yana nan ƙal, awaki suna kwana a inuwar dakalin.

Wannan ma labarin ƙasa ne baki ɗaya. Rahoton Bankin Duniya na 2017 kan ruwa da tsafta da talauci a Nijeriya ya nuna cewa fiye da kashi 38 cikin 100 na ingantattun wuraren ɗiban ruwa ba sa aiki, haka kuma kusan kashi 46 na manyan tsare-tsaren ruwa masu tanki da bututu, kuma da yawa tun a shekarar farko suke mutuwa. Dalilan sanannu ne ga duk wanda ya zauna da makanikan famfo. Akan haƙa rijiya da damina ko jim kaɗan bayanta, lokacin da ruwa yake kusa, ɗan kwangila ya tsaya da zarar ya ga danshi, sai bazara ta zo ruwan ya ja ƙasa ya bar bakin bututu a sama. A ƙasa mai dutse irin tamu, inda ruwa ke ɓuya a tsagar duwatsu, idan ba a yi awon ƙasa da gaske ba sai a haƙa a inda mai faɗa a ji ya nuna, ba inda ruwa yake ba. Akan sa bututun ƙarfe a ruwan da ke cin ƙarfe. Rijiyar sola kuwa, wadda yanzu kowa ya fi so domin ta fi kyau a hoto, idan injin sumo ya ƙone ko aka sace faranti ɗaya, kuɗin gyaranta ya fi ƙarfin karo-karon ƙauye.

Saboda haka roƙona na farko, kuma mafi nauyi, shi ne ku daina ɗaukar ranar buɗewa a matsayin ranar kammala aiki. Duk rijiyar da za ku haƙa, ku ware kuɗin kula da ita na aƙalla shekara 5 tun a cikin kasafin farko, ko da hakan zai sa rijiya goma da kuka yi niyya ta koma bakwai. Ku riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai rijiyar ta tsallake bazara ɗaya tana ba da ruwa. Ku ɗauki nauyin horar da matasa biyu ko uku a kowace gunduma su zama makanikai, ku ba su kayan aiki, ku haɗa su da wani mai shago a hedikwatar ƙaramar hukuma wanda zai riƙa ajiye roba da bawul da sanduna, domin gyaran kwana ɗaya ya daina zama jiran wata shida. Lambar da za ku rubuta a jikin allo ta kasance lambar da wani zai ɗauka bayan shekara uku. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina, waƙafi ya mayar da ita domin amfaninta ya ɗore, kuma abin da ya sa ake kiran irin wannan sadaka mai gudana shi ne ba ta tsayawa. Da yawa daga cikinku, Musulmi da Kirista, na san kuna neman lada a wannan aiki bayan sunan kamfani, to ladan yana tare da ruwan da ake sha ne.

Roƙo na biyu shi ne ku haɗa hannuwan nan biyu wuri ɗaya. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin gasa ya sa a cikin sharuɗɗansa cewa ba za a buga wasa a filin da babu ruwan sha da makewayi na maza da na mata ba, sannan ya taimaka a samar da su maimakon a ɗauke wasan a kai makarantar masu hali. Makarantar da ta ci kofi, a haɗa mata da gyaran rijiya ko ginin banɗaki, abin da ɗalibai dubu za su mora, ba 'yan wasa goma sha ɗaya kaɗai ba. An gwada wannan a wasu wurare. Daga 2012 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Holan ta haɗa kai da UNICEF da ƙungiyar Simavi da kamfanonin ruwa na ƙasarta suka gudanar da wani shiri a makarantun firamare na Ghana da Kenya da Mozambik, inda ake gina wurin ruwa da makewayi, a gyara filin wasa, sannan a horar da masu koyar da ƙwallo su riƙa koyar da tsafta a cikin atisaye. A Ingila ma ƙungiyar Manchester City ta ƙulla irin wannan ƙawance da kamfanin fasahar ruwa na Xylem tun 2018. Hikimar abin a fili take ga duk mai aikina. Yaron da malamin kimiyya zai yi wa bayanin ƙwayoyin cuta sau goma ya manta, idan kocinsa ya ce ba wanda zai taɓa ƙwallo sai ya wanke hannu da sabulu, a ranar zai fara, kuma zai kai ɗabi'ar gida ya koya wa ƙannensa. Muna da wannan iko a kan yara, ku ba mu horo da sabulu da ruwa mu yi amfani da shi.

Na lura kuma cewa kamfanoni sun fi son rijiya a kan makewayi, wataƙila domin ba kowa ke son ganin tambarinsa a jikin bangon masai ba. Ina roƙonku ku cire wannan ƙyama. A Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, a Nuwamban 2019 ya sa hannu a kan umarni mai lamba 009 da nufin kawo ƙarshen bahaya a fili kafin ƙarshen 2025, kuma wa'adin bai cika ba har aka ɗaga shi zuwa 2030. Duk da haka maƙwabciyarmu Jigawa ta nuna abin mai yiwuwa ne, domin a Oktoban 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar dukkan ƙananan hukumominta 27 sun rabu da wannan ɗabi'a, kuma a nan Bauchi, Dass da Warji suna cikin na sahun gaba a ƙasar. Abin da ke barazana ga irin wannan nasara shi ne wuraren taruwar jama'a, wato kasuwa da tasha da makaranta da filin wasa, inda mutumin da ke da masai a gidansa yake rasa inda zai shiga. A nan ne kuɗinku zai fi yin tasiri. Sai dai a gina shi yadda mutanenmu za su yi amfani da shi: na tsuguno, da ruwan tsarki a kusa, na mata nesa da na maza kuma ƙofarsa ba ta kallon fili, da wurin zubar da audugar mata, da ɗaki ɗaya mai faɗi wanda keken guragu zai shiga. A kuma tanadi albashin mai sharewa da kuɗin kwashewa idan ya cika, domin banɗakin da ba mai wanke shi cikin wata ɗaya yara za su koma bayan katanga.

Akwai kuma batun abin da kuke ƙirgawa. Rahotanninku na shekara suna faɗin rijiya nawa aka haƙa da mutum nawa aka kai gare su. Ina so in ga kamfanin da zai fara buga wani adadi na daban, wato a cikin rijiyoyin da ya haƙa shekara 3 ko 5 da suka wuce, nawa ne suke ba da ruwa a yau, a wane gari, kuma wa ya je ya gani. Wanda ya fara yin haka zai ji nauyi a shekarar farko, amma shi ne jama'a za su fi amincewa da shi, kuma ƙungiyarku ta OPS-WASH tana da damar mayar da shi ƙa'ida ga dukkan mambobinta. Haka nan kafin a zaɓi wuri, a zauna da RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha, domin kada a haƙa sabuwa kusa da matattu uku da gyara kawai suke jira, a zauna da kwamitin makaranta da mai unguwa, a kuma ji ta bakin mata su kaɗai, domin su da 'ya'yansu ne suke ɗibar ruwan kuma su suka san rijiyar da ke ƙafewa a watan Maris.

Ban ɗora muku dukkan laifi ba. Samar da ruwa da makewayi a makarantar gwamnati haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma kyautarku ba ta sauke mata wannan nauyi. Mu ma muna da namu. Da mun kafa kwamiti tun ranar farko muna tara ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, da robar nan ba ta gagare mu ba, amma muka ɗauka kayan kamfani ne, kamfani zai dawo. Yanzu mun gyara wannan kuskure, iyaye da malamai sun buɗe asusu, tsofaffin 'yan wasana biyu sun yarda su koyi gyaran famfo idan an samu mai koya musu, kuma mun tara abin da zai sayi robar da bututu ɗaya. Na tabbata akwai ɗaruruwan makarantu da za su yi irin wannan idan tun farko aka gaya musu gaskiya cewa rijiyar tasu ce, aka kuma nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan gyaran ya fi ƙarfinsu.

Ina gayyatar kowane ɗaya daga cikinku, ko wakilin da kuka amince da shi, ya zaɓi makaranta ɗaya a cikin waɗanda kamfaninsa ya taɓa kai wa ƙwallo ko rijiya, ya je a watan Afrilu ba tare da sanarwa ba, a ranar da ba biki. Ya iso da misalin ƙarfe huɗu na yamma lokacin atisaye, ya tuƙa famfon da hannunsa, ya nemi a nuna masa inda 'yan mata ke shiga, sannan ya zagaya bayan katanga. Idan tamu ce ta faɗo a zaɓinku, za ku same ni a bakin fili, kuma sandunan famfon suna ajiye a ofishina tun ranar da makanike ya zaro su.

Allah ya ƙara wa kasuwancinku albarka, ya saka muku da alheri a kan abin da kuka riga kuka yi.

Wassalam. Naku cikin girmamawa,

Malamin wasanni,
wata makarantar sakandaren gwamnati, Jihar Bauchi.